Galan Ɗin Da Na Wanke Sau Bakwai

Daga Allah muke, kuma Malam ya riga mu komawa gare Shi ranar Talata da hantsi, yana zaune a kan buzunsa, bai jima da dawowa daga duba alkamarsa ba. Shekara arba'in da huɗu muna tare. Ni ban yi karatu ba, ko na allo ban wuce abin salla ba. Autata ce take rubuta wannan, ta baro 'ya'yanta da ajin da take koyarwa a Madobi ta zo ta zauna da ni. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta rage inda ya yi ɗaci.

Mutane sun zo gaisuwa har tabarmi suka ƙare. An zo daga Kura, an zo daga Bunkure. Wasu dattawa biyu masu tabarau sun zo a mota daga birni, daga makarantar da ya yi wa aiki. Ɗayan, mai furfura, ya tsaya a bakin ƙofata ya ce, "Hajiya, ni ake kira babban malami, amma hannun mijinki ne ya koya wa nawa aiki." Maƙwabciyata, wadda za ku ji labarinta nan gaba, ta shigo ta zauna a ƙasa ta riƙe ƙafata har azahar. Ƙanen Malam kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya zo jana'iza ya tsaya a sahun ƙarshe, aka rufe ya wuce gida. Shekara shida ke nan ba ya gaida yayansa. Na ji wasu mata a bayan ɗakina suna cewa, "Mutumin kirki ne, sai dai Allah Ya yafe masa wancan abin." Na ji su sarai. Na ja mayafi na rufe fuska.

Ranar sadakar uku ana shirin suyar waina, sai ga surukar ƙanen Malam, matar babban ɗansa, ta shigo da gudummawar man gyaɗa. A cikin galan mai ruwan ɗorawa ta kawo shi, irin wanda maganin feshi yake zuwa a ciki. Ban san lokacin da na miƙe ba. Sun ce ihu na yi, na ture kasko, na ce kada kowa ya taɓa man nan. Yarinyar ta tsorata. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, ai na wanke shi sau bakwai."

Tun daga ranar na ƙudura sai na faɗi abin da na ɓoye. Ina cikin takaba, ba ni da damar bin gida-gida ko shiga kasuwa. Shi ya sa na ce a ɗauko takarda, ta je inda ƙafata ba za ta je ba.

Malam ya fara aiki a birni yana wankin kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na babbar makaranta. A hankali ya zama shi ne mai kula da injinan. Da ya bar aiki muka dawo gida, lokacin ruwan kanal ya iso gonakinmu, kowa ya zama mai tumatir da albasa. Yaran gari suka sa masa suna Baba mai kwalabe, don ba ya yar da kwalba, sai ya wanke ya kife ta a rana. Ba ya sa hanci a bakin komai. Ko miyata ce, sai ya tsaya nesa ya fifito tururin da hannu zuwa hancinsa. Nakan ce, "Malam, kuka ce da daddawa, ba za ta harbe ka ba." Ya ce, "Hannu ne ya saba, ba ke nake zargi ba."

Yana da wani ɗan turmi na dutse mai santsi, bai kai rabin ƙwai ba, da taɓaryarsa kamar ɗan yatsa. Ya tsage a gefe, shi ya sa aka bar masa a wurin aiki. Ranar da na fara ganinsa na yi dariya har da hawaye.

"Wannan na matan aljanu ne? Me ake dakawa a ciki, geron tururuwa?"

"Ke kina daka abin da za a ci," in ji shi, "ni ina daka abin da za a yi wa tambaya."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma na riƙe, don ya maimaita mini ya fi a ƙirga. Ya ce duk abin da muke gani, mai ne, sukari ne, maganin zazzaɓi ne, gini ne da aka yi da ƙananan tubala waɗanda ido ba ya gani. Tubalan kusan iri ɗaya ne. Yadda aka jera su ne ya raba zuma da dafi. Aikinsu shi ne su gano fasalin gidan ba tare da sun shiga ba. Sai a niƙa ɗan abin da wani irin gishiri a turmin nan, a matse ya zama ɗan faifai garau kamar gilashi. In abin mai ruwa-ruwa ne, a ɗiga shi tsakanin fallen gishiri biyu. Sai inji ya tura haske ta ciki, hasken da ba a gani, ɗan'uwan ɗumin da mutum yake ji a fuska in ya matso murhu. Kowace mahaɗa a ginin tana da irin hasken da take sha. Inda aka sha, alƙalamin injin ya gangara a kan takarda ya yi kwari, inda ba a sha ba ya tafi a miƙe. In an gama sai ka ga zane kamar kunyoyin gona, wasu zurfi, wasu ɗan kaɗan.

"Sawu ne," in ji shi. "Kura ba ta taka sawun akuya."

Akwai inji na biyu mai ƙaton maganaɗisu, wanda sai ya cire agogonsa kafin ya matsa kusa. Shi kuma yana faɗin wane tubali ne maƙwabcin wane, su nawa ne a kowane ɗaki. Na ce me ya sa ɗaya bai isa ba. Ya ce, "Kin taɓa ganin alƙalin kirki ya yanke hukunci da shaida ɗaya?" Wannan magana ita ce bakinsa. Ko rigimar iyakar gona aka kawo masa, sai ya ce ina shaida ta biyu.

Ni sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Rabin gidajen unguwarmu maina suke ci. Wata rana tulun da nake tara mai ya faɗi ya fashe. A lokacin galan-galan na maganin feshi suna zube a bakin kanal, masu kyau, masu murfi, ba sa yoyo. Malam ya taɓa ce mini, sau ɗaya, yana alwala, "Kada in ga wancan abin a gidan nan." Na ce to. Amma na yi tunani a raina: ƙwaryar da kare ya lasa ma in an wanke ta sau bakwai ta tsarkaka, balle roba. Na ɗauko guda a cikin zanena. Na wanke shi sau bakwai, da sabulu, da toka, da yashi, na shanya shi kwana uku a bayan rumbu. Na sa hanci ban ji komai ba. Na cika shi da sabon mai na tura ƙarƙashin gadona, daga nan nake tsiyayawa a kwano in sayar. Malam bai gani ba.

Ba a yi kwana goma ba yara huɗu suka kwanta a gida uku. Wanda bai ga ciwon nan ba, Allah kada Ya nuna masa. Yaro yana gumi kamar an tsoma shi a ruwa, yawu yana dalala, naman jikinsa yana rawa shi kaɗai, baƙin idonsa ya ƙanƙance kamar kan allura. Manya ma sun yi amai da jiri, amma su suka tashi. Ɗan ƙanen Malam, mai shekara biyar, wanda yake zuwa kullum ya ce "Inna, ƙulin gefen kasko," shi ya fi jin jiki. Kwana biyu ya yi, ya cika.

Tsoro ya shiga gari. Mata suka daina barin yara su fita. Sai magana ta fara yawo cewa maita ce, kuma aka nuna maƙwabciyata. Ita ba 'yar garin ba ce, ruwan dam ne ya cinye ƙauyensu, suka dawo nan da mijinta, shi kuma ya rasu ya bar ta ba ɗa ba dangi. Wani ya ce ya gan ta tana kallon yaron a bakin rijiya. Shi ke nan. Washegarin jana'iza da hantsi maza suka jawo ta har ƙofar gidanmu, ɗankwalinta ya faɗi, aka shimfiɗa tabarma aka kwantar da ɗaya daga cikin yaran, wai ta tuɓe ta tsallaka shi ta sakar masa kurwa. Ƙanen Malam ne a gaba, idonsa jawur. Ina leƙe ta zaure.

Malam ya fito da butarsa a hannu. Ya cire rawaninsa ya miƙa mata ta rufe kai.

"Wa ya gan ta ta kama?"

"An gan ta tana kallonsa, Yaya."

"Ni ma na kalle shi. Ku tuɓe ni."

"Yaya, ɗana ne a kabari. Ka matsa."

"Ɗana ne ni ma. Ina shaidarku ta biyu? Ku ba ni kwana bakwai. In ban kawo muku abin da ya kashe shi ba, ku haɗa da ni ku kora."

Wani daga baya ya ce, "Baba mai kwalabe zai sa mayya a kwalba." Ba wanda ya yi dariya.

A ranar ya sa aka kai yaran uku asibiti a motar tumatir. Likita ya ce ciwon ya yi kama da na maganin feshi, ya yi musu allura suka fara dawowa. Amma yaran ba su je gona ba, ba su taɓa magani ba. Mutane suka ce, to ai ga shi, ta ina ya shige su in ba turo shi aka yi ba? Malam ya ɗauko kwalabensa ya bi gida-gida. Ya ɗebi ruwan rijiya, ruwan kanal, nono, garin tuwo, kuka, wake. Bai rubuta sunan kowa a jiki ba, lamba ya sa, don kada masu aunawa su san na wane ne. Ya ce kafin ya dawo kowa ya ci sabon hatsi daga rumbu, ba mai, ba nono, ba abin saye. Ni ce ta ƙarshe. Ya miƙo kwalba yana cewa, "Uwargida ma ba ta fi ƙarfin doka ba." Na tsiyaya masa daga kwano.

Ya tafi birni ya bar maƙwabciyata a ɗakina. Kwana shida muka yi. Da rana tsaka sai mu ji an jefo dutse a kan kwanon rufi. Matan da suka saba shigowa suka ɗauke ƙafa. Ita tana zaune a kan tabarma tana jan carbi, bayanta jingine da gadona, galan ɗin yana bayanta, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba. A rana ta uku na fara lissafa gidajen da ciwon ya shiga, na ga duk masu sayen maina ne, kuma yaron da ya rasu shi ne mai lashe kwanon. Na sani tun a lokacin. Ta ce mini, "Yaya, kina ganin za su ƙone ni?" Na ce, "Allah Yana nan." Iyakar abin da na ce ke nan. Rubuta shi haka, kada ki gyara.

Ya dawo ranar Alhamis bayan azahar, ya rame kamar wanda ya yi jinya. Ya ce wa maƙwabciyata ta ɗan ba mu wuri. Ya shimfiɗa dogayen takardu biyu a tabarma ya danne gefensu da duwatsu.

"Wannan sawun maganin feshi ne, na sayo a kasuwa muka auna. Wannan kuma abin da muka tace daga kwalba ta tara. Kwana biyu muna raba shi da mai. Duba nan. Duba nan kuma."

Ko ni da ban san karatu ba na gani. Inda wannan ya yi kwari, can wancan ya yi. Ya ɗauko takarda ta uku, ta injin maganaɗisu, ya ce shaida ta biyu ma ta faɗi haka. Ya ce sau uku ya sa aka sake, yana roƙon Allah Ya sa kuskure ne.

"Tara ke ce," in ji shi. "A ina kike ajiye man?"

Na jawo galan ɗin. Ya daɗe yana kallonsa.

"Malam, na wanke shi. Sau bakwai na wanke shi."

"Na yarda kin wanke. Abin nan ba ya bin ruwa. Roba ce take shan sa ta riƙe, ko sau ɗari kika wanke yana nan. Mai ne abokinsa. Da ya ji mai sai ya fito."

Bai ɗaga murya ba. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ya haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya ya binne man, ya dawo ya yi alwala.

Masallacin unguwa katanga ɗaya ce tsakaninmu. Bayan la'asar na manna kunne na ji shi yana cewa, "Ba maita ba ce. Dafin feshi ne a cikin man gyaɗa, daga galan. Ga takardun, duk mai ɗa ɗan makaranta ya kawo shi in nuna masa. Matar nan ba ta da laifi, kowa ya je ya roƙi gafararta. Galan ɗin daga gidana ya fito, kuma ni ne mai gidan."

Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Amma kowa ya ɗauka shi ya kawo galan daga gonarsa ya ba ni ban sani ba. Ƙanensa ya ce, "Kai da ka ƙare rayuwarka cikin kwalabe? Kai, Yaya?" Malam ya ce, "Daga gidana ya fito." Daga ranar ƙanensa bai sake yi masa sallama ba.

Na roƙe shi ya bar ni in faɗa. Ya ce, "Kin ga tabarmar da suka shimfiɗa wa waccan? Ba su naɗe ta ba tukuna, mai hawa suke nema. Ni zagi kawai za su yi mini."

Ban sake matsar gyaɗa ba har yau. Shi kuma ya samo wata doguwar ƙusa da 'yar guduma, kullum suna aljihunsa. Duk galan ɗin feshi da ya gani a bakin kanal sai ya huda gindinsa wuri uku. Ya sha faɗa da masu sayar da su a kasuwar Bunkure, har wani ya taɓa yaga masa riga. Yakan ce musu, "Ko an wanke yana kisa." Su ce, "Naka ne dai ba ka wanke ba, Baba. Wa ya taɓa wankewa ya mutu?" Sai ya juya ya bar su. Ya dawo gida ya zauna, in kawo masa ruwa, ba mai kallon wani a cikinmu. Amsar tana gidansa tana tuƙa masa tuwo, ya ƙi ba da ita. Yana da takarda, ita ce shaida ɗaya. Ta biyun ni ce.

Rufin asirin da ya yi mini shi ne ya sa galan ya dawo. Bana kowa ya shuka alkama, feshi ya ƙaru, kuma babu mai bin kanal da ƙusa. Injinan suna birni, masu karanta takardar ba su san hanyar unguwarmu ba.

Jiya da la'asar na aika a kira mini ƙanen Malam. Ban zaci zai zo ba. Ya tsaya a bayan zana, ina ciki, ya ce, "Ga ni." Na faɗa masa duka, tun daga fashewar tulu. Da na gama ya ce, "Sau bakwai?" Na ce sau bakwai, da toka da yashi. Ya ce, "Shekara shida ina sauya hanya in na hango shi." Sai na ji takunsa yana fita. Bai ce ya yafe ba, bai ce sai an jima ba. Na aika auta ta bi shi da ƙusar da gudumar, ta ce ya karɓa bai dube ta ba.

Ban san me zai biyo baya ba. Ina jin tsoron ranar sadakar arba'in, don na ce a karanta wannan a gaban maza da mata, a ɗaga takardun Malam kowa ya gani. Ina jin tsoron idon uwar yaron. Maƙwabciyata na faɗa mata da bakina yau da safe tana matsa mini ƙafa, ta saki ƙafata ta tashi, ban sani ba ko za ta dawo. Amma na fi jin tsoron in ji an ce wani yaro yana gumi, idonsa ya ƙanƙance.

Ɗazu da hantsi, muna tsakiyar wannan rubutu, na ji ƙara daga wajen gidan ƙanensa. Guduma ce a kan ƙusa, ƙusa a kan roba. Sau uku, aka tsaya, aka sake sau uku. Na ce wa auta ta ajiye alƙalami mu saurara.

Allah Ka haskaka kabarin Malam, Ka sauke masa kayan da ya ɗauka ba nasa ba. Allah Ka jiƙan yaron nan mai son ƙulin gefen kasko. Wanda ya ji wannan, ya yi musu addu'a su biyu, ni ya bar ni da Ubangijina. Sannan ya shiga ɗakin matarsa ya duba ƙarƙashin gado.